Tabarau Mai Layi Ko Marar Layi: Amsa Ga Wata Malamar Makaranta

Assalamu alaikum Hajiya. Ni malamar sakandare ce a Zariya, shekarata 47. Tun ina jami'a nake sa tabarau saboda ba na ganin nesa sosai. Yau kusan shekara biyu ke nan, in zan duba rajista ko waya sai na ɗaga tabarau na ɗora a goshi, in zan kalli ɗalibai kuma in mayar. Na je gwaji, an rubuta min -2.00 a kowane ido, da ƙarin +1.50 na karatu. Mai shagon ya ce in zaɓa, ko bayifokal mai layi, ko furogiresif marar layi wanda kuɗinsa ya kusa ninka na farkon sau uku. Maigidana ya ce in ɗauki mai layin, ai gani ake nema. Abokan aikina sun ce mai layi na tsofaffi ne. Yayata kuma an kawo mata marar layin daga waje, kwana uku ta sa jiri ya hana ta sakat, yana nan a durowa. Ga Innarmu mai shekara 74, ta fi shekara ashirin da mai layi, yanzu tana kukan ba ta gani da kyau, har ina tunanin in saya mana marar layin ni da ita. Na rasa maganar wa zan bi.

Wa alaikumus salam Malama. Allah ya ƙara wa ido haske, ya ba Inna lafiya da nisan kwana.

Tambaya ɗaya kika yi a baki, amma idanu shida ne a cikin wasiƙarki, naki da na Yaya da na Inna, kuma kowa da kiwon da ya karɓe shi. Da ni ce ke, marar layin zan ɗauka, matuƙar na samu wanda zai auna min shi a kan fuskata yadda ya kamata. In ban samu irin wannan mutumin ba, mai layin zan ɗauka, hankalina kwance. Inna kuwa, don Allah kada ki saya mata marar layi. Ga dalilaina.

Abin da ya same ki ba ciwo ba ne, kuma ba tabarau ɗin da kika daɗe kina sawa ne ya jawo shi ba. A cikin ido, can bayan baƙin, akwai wani ɗan madubi mai taushi. In za ki kalli abu na kusa, wata 'yar tsoka da ke kewaye da shi takan motsa, shi kuma ya ƙara kumbura domin hoton ya fito tas. Tun muna yara yake taurara kaɗan kaɗan, ba ma farga sai tsakanin shekara 40 da 45, ranar da zare ya ƙi shiga allura. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na gani na 2019, ta ce mutum biliyan 1.8 ne ke cikin wannan halin, miliyan 826 daga cikinsu kuma ba su da tabarau ɗin da ya dace da su. Lambar ƙarin nan takan ci gaba da hawa har wajen shekara 60, inda takan tsaya a kusan +2.50, ko kin sa tabarau ko ba ki sa ba. Na faɗi wannan ne saboda za a ce miki tabarau na karatu shi ke ƙarasa ido. Ba shi ba ne, shekaru ne.

Tunda malama ce ke, ga wani ɗan lissafi da zai warware miki rabin maganar. Ki raba 100 da lambar, abin da ya fito santimita ne. Lambarki ta nesa -2.00 ce, to 100 a raba da 2 ya ba da 50. Wato idonki tsirara, ba tabarau, yana gani tas har zuwa santimita 50, daidai inda littafi da waya suke zama. Shi ya sa ɗagawar nan da kike yi zuwa goshi take miki aiki. Wannan baiwa ce da masu irin lambarki suke da ita, wanda ya tashi da ganin nesa garau ba shi da ita. Ki riƙe ta, za mu dawo kanta.

Mai layin gilashi biyu ne a jiki ɗaya: sama na nesa, sai wata 'yar taga a ƙasa ta karatu, yawanci mai siffar harafin D da aka kwantar, faɗinta milimita 28, akwai kuma mai 35. Dabara ce tsohuwa. Benjamin Franklin, Ba'amurken nan da hotonsa ke jikin takardar dala 100, ya bayyana nasa a wata wasiƙa a 1785 yana zaune a Faransa. Ya sa an yanka gilashin nesa da na karatu gida biyu-biyu an haɗa rabi da rabi, ya ce a wurin cin abinci yana ganin abin da ke cikin farantinsa, yana kuma ganin fuskar mai yi masa magana, har hakan ya taimaka masa wajen fahimtar Faransanci. Matsalarsa ita ce taki, rajista a tebur, fuskokin ɗalibai a can. Abin da ya sa wannan dabara ta yi fiye da shekara 200 ba ta mutu ba shi ne gaskiyarta: saman duka tas yake daga gefe zuwa gefe, tagar karatun tana da faɗi, kina iya bin layin rubutu da ido kawai ba sai kin juya kai ba, kuma kullum kin san inda iyakar take. Aibinsa biyu. In ido ya tsallaka layin, hoto yakan yi ɗan tsalle. Sannan ba shi da tsaka-tsaki.

Maganar tsaka-tsakin nan ce ta fi muhimmanci a gare ki, kuma lissafin ɗazu ne zai nuna ta. Ta cikin tagar karatu, iyakar nisan da za ki gani tas shi ne 100 a raba da lambar ƙari. Da +1.50 kusan santimita 67 ke nan, tsawon hannu. Ta saman kuma, tunda madubin idonki bai gama taurara ba, har yanzu yana iya jawo abin da ke nesa da ke da taku ɗaya. Saboda haka a yau ramin da ke tsakanin sama da ƙasa ƙarami ne ƙwarai. A nan maigidanki yana da gaskiya, ki kuma faɗa masa na ce haka: mai layi zai yi miki aikinki na bana da na baɗi ba tare da wata tangarɗa ba. Amma ranar da ƙarin ya kai +2.50, tagar ba ta wuce santimita 40, idon kuma ya daina taimakawa. Daga nan duk abin da ke tsakanin santimita 40 da kusan mita ɗaya da rabi sai ya shiga hazo. Ki duba abin da ke zaune a wannan tazarar cikin yininki: allon da kike rubutu a kai, littafin ɗalibin da kika tsaya a kansa kina dubawa, fuskar kwamfutar da ake shigar da sakamakon jarrabawa, tukunyar da ke kan wuta, fuskar wadda kuke hira a tabarma ɗaya. Aikin malanta kusan rabinsa a nan yake.

Wannan ramin aka yi marar layi don ya cike. Wani injiniya Bafaranshe, Bernard Maitenaz, shi ya fito da wanda ya fara karɓuwa a kasuwa a 1959 da sunan Varilux. Maimakon taga, ƙarfin gilashin yana ƙaruwa sannu a hankali daga daidai ƙwayar ido zuwa ƙasa, ta cikin wani siririn lungu, don haka kowace tazara tana da wurinta. Sai dai akwai abin da mai shago ba kasafai yake tsayawa ya bayyana ba. Ki ɗauki mayafi ki rufe ƙwaryar da aka kife. Tsakiyar za ta kwanta lif, amma dole yadin ya tattare a gefe. Haka gilashin nan yake: ba yadda za a yi a canza ƙarfinsa a hankali ba tare da an tura murɗiyar zuwa gefe biyu na ƙasa ba. Wani masani Bajamushe, Minkwitz, ya tabbatar da haka da lissafi tun 1963. Ba kamfanin da ya tsallake wannan ƙa'ida, komai tsadar gilashinsa. Abin da mai tsada yake yi shi ne ya shimfiɗa tattarar ta yi laushi, ya kai ta inda ido bai cika zuwa ba. In wani ya ce miki nasa ba shi da murɗiya ko kaɗan, ciniki yake nema. Wannan murɗiyar ta gefe ita ce ke sa sabon shiga ya ga bango kamar yana lilo in ya juya kai, ita ce jirin Yaya.

To me ya sa duk da haka na ce ki ɗauke shi, kuma yanzu? Saboda yawan murɗiyar yana bin girman lambar ƙari ne. Mai +1.50 tattararsa kaɗan ce, lungunsa yana da faɗi, ƙwaƙwalwa takan saba da shi da wuri. Mai +2.50 lungunsa matsattse ne, gefensa kuma yana da ƙarfi. Wadda ta fara da ƙaramin, ta riƙa hawa da shi mataki mataki, ba ta ma jin canjin. Wadda ta yi shekara goma sha biyar da mai layi, idonta ya saba da faffaɗar taga, sannan aka miƙa mata marar layi mai babbar lamba, ita ce ke shan wahala. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ba ki taɓa sa mai layi ba, lambarki ƙarama ce, idanunki biyu lambarsu ɗaya, aikinki kuma na ɗaga kai da sunkuyarwa ne sau ɗari a aji ɗaya. Cikin masu tambayata wannan tambaya, kina cikin waɗanda ya fi dacewa da su.

Batun abokan aikinki kuwa, ba zan ce son kyan fuska laifi ba ne. Mace tana tsayawa gaban 'yan mata da samari sittin kullum, ba abin kunya ba ne ta so tabarau da ya yi mata kyau. Amma kada wannan ya zama dalilin da zai sa ki ciri kuɗin cefanen wata ki kai shago. Na san alƙalai da limamai da likitoci da suka zaɓi mai layi da gangan saboda yawan karatunsu, ba kuma wanda ya rage musu daraja.

Yanzu sharaɗin, wanda a wurina ya fi zaɓin kansa nauyi. Marar layi kamar ɗinkin riga yake, takardar gwaji kaɗai ba ta isa a yanka shi. Lungun nan da ake gani ta cikinsa 'yan milimitoci ne, in ya kauce wa ƙwayar idonki da milimita biyu ko uku, kin koma kallon duniya ta cikin tattarar. Ni kaina na sha wannan. Marar layina na farko, yaron shagon rula ya ɗora min a karan hanci ya rubuta lamba ɗaya, firam ɗin ma yana cikin akwatin gilashi ban sa shi ba. Wata guda ina fama da ciwon wuya, sai na ɗaga haɓa sama kafin in karanta saƙo a waya, ina ganin laifin idona ne. Da na kai wa wata mai gwajin ido a wani wuri, ta mayar da alamomin da alƙalami, ta nuna min a madubi cewa tsakiyar gilashin tana ƙasa da ƙwayar idona sosai. Aka sake yanka shi, da lambar nan dai ba a canza ba, cikin kwana huɗu na manta ina sanye da shi. Har yau ina jin takaicin watan nan, saboda na san mata da yawa sun tsaya a inda na tsaya suka yanke cewa idonsu ne ba ya karɓa.

Don haka ki lura da yadda za a auna ki. Firam za a fara zaɓa, a gyara shi ya zauna daram a hancinki da kunnuwanki, sannan a auna. Ki je da irin ɗaurin ɗankwali ko hijabin da kike zuwa makaranta da shi, domin hijabi mai matse fuska yakan ɗaga hannun tabarau ko ya turo shi gaba, kuma a yadda zai zauna kullum ake so a auna shi. Mai awon zai zauna daidai tsayinki, kina kallon nesa kanki a yadda kika saba riƙe shi, ya ɗiga alama a kan gilashin gwaji daidai ƙwayar kowane ido. Kowane ido da nisansa daga tsakiyar hanci, kowane da tsayinsa, domin fuskar ɗan Adam ba ta cika daidaita hagu da dama ba. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, to ban da a nan, a nan mudun ake so. Firam ɗin ya kasance mai zurfi daga sama zuwa ƙasa, kamar milimita 30 ko fiye, domin siririn firam yakan yanke wurin karatun. Mai 'yan ƙafafun hanci da ake iya lanƙwasawa ya fi, saboda in an ɗan kuskure tsayi ana iya gyarawa. Ranar karɓa kuma ki roƙi kada a goge zanen tawadar da ke zuwa a jikin sabon gilashi sai kin sa an duba: 'yar alamar da ke kamar giciye ta faɗa daidai tsakiyar ƙwayar idonki. Ko bayan an goge, akwai wasu 'yan ƙananan alamomi biyu da aka zana a jikin gilashin, tazarar milimita 34 tsakaninsu, da lambar ƙarin a ƙarƙashin ta wajen kunne, waɗanda duk ma'aikacin da ya san aikinsa zai iya gano su a haske ya sake duba awon.

Kafin ki ba da kuɗi, ki yi tambaya ɗaya: in na sa mako uku ban saba ba, me za ku yi min? Wuraren kirki sukan sake awon, su sake yankawa, ko su mayar miki da shi mai layi. A rubuta amsar a bayan rasit. Ki kuma tabbatar mai gwajin da mai haɗawar suna da rajista da ODORBN, hukumar da aka kafa a 1989 don kula da wannan sana'a a Najeriya. In kin ga ana kauce wa waɗannan tambayoyin, ko an ce ki turo hoton takardarki ta WhatsApp kawai a kawo miki gida, to da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ki ɗauki mai layin. Shi awonsa yana da sauƙi, ana sa layin ne daidai gefen fatar ido ta ƙasa, kuma yana yafe ƙaramin kuskure. Mai layin da aka auna daidai ya fi marar layin da aka yanka da ka, nesa ba kusa ba.

Kuɗin da ya ninka sau uku kuma, ki sa a warware miki shi ɗaya bayan ɗaya, domin sau da yawa ba lungun kaɗai kike biya ba. Da lamba -2.00 ba kya buƙatar siririn gilashin nan mai tsada da ake yi wa masu manyan lambobi, na yau da kullum ma ba zai yi kauri ba. Shafin tare shuɗin haske da ake kira bulu-kot, ƙungiyar Cochrane, mai tace binciken lafiya, ta tattara gwaje-gwaje 17 a 2023 ba ta ga yana rage gajiyar ido a gaban kwamfuta ba, don haka kina iya barin sa. Firam mai sunan babban kamfani ado ne. Shafin hana ƙyalli yana da amfani, musamman da dare in fitilun mota sun haske ki. Mai yin duhu a rana jin daɗi ne, in aljihu ya ba da dama. Da ƙarin +1.50, marar layi mai matsakaicin kuɗi ya ishe ki, ba sai na ƙololuwa ba. In kin zubar da waɗannan ƙare-ƙaren, tazarar da ke tsakaninki da maigida za ta ragu sosai. Ki tuna kuma nan da shekara biyu ko uku lambar za ta ƙaru a sake gilashi, saboda haka ki zaɓi abin da za ki iya maimaitawa.

In kin karɓa, ki fara shi da safe a ranar da ba makaranta, ki ajiye tsohon a inda hannu ba zai kai ba. Sa wannan yau, sa wancan gobe, shi ke hana sabo. Abin da za ki kalla, ki nuna shi da hanci, wato kai ne zai riƙa juyawa maimakon ido ya saci kallo ta gefe. A matakala da bakin kwata ki sunkuyar da haɓa ki kalli ƙasa ta saman gilashin, domin ƙasansa na karatu ne, ƙafarki kuma tana nesa. In kina tuƙi, ki bari sai kin sake da shi, sannan ki riƙa juya kai sosai wajen duba madubin gefe. A tsayuwar salla za ki ga wurin sujada ya ɗan yi dishi-dishi, saboda ta ƙasan gilashin kike kallonsa. Haka yake a mai layi ma, ba lalacewa ba ce, da yawanmu cirewa muke yi. Yawancin mutane cikin 'yan kwanaki zuwa mako biyu suke sabawa. In ya wuce haka, ki lura da abin da jikinki ke yi. In sai kin sunkuyar da kai kike ganin nesa tas, an sa shi sama da yawa. In sai kin ɗaga haɓa sosai kike karatu, an sa shi ƙasa. In kin rufe ido ɗaya, sannan ɗayan, kika ga wurin da rubutu ke fitowa tas ya bambanta, awon nisan idanun ne bai daidaita ba. Da wannan bayanin za ki koma, ba da "ban dai ji daɗinsa ba".

Sai baiwar nan da na ce ki riƙe. Duk zaman da zai yi tsawo a kan abu na kusa, makin takardun jarrabawa, karatun Alƙur'ani bayan asuba, tsintar shinkafa, ki cire tabarau gaba ɗaya. Matuƙar ba wata babbar lamba a layin da aka rubuta CYL a takardarki, wato lambar gyaran ido mai karkata hoto, idonki tsirara zai ba ki shafi duka daga gefe zuwa gefe, abin da ba wani gilashi mai haɗe-haɗe da zai ba ki. Marar layin na aji ne da kasuwa da hanya, inda ɗagawa da mayarwa ta dame ki. Lokacin hunturu kuma ki ɗauraye shi da ruwa kafin ki goge, ƙurar nan yashi ce, gefen mayafi kuma yana karce shi. Kada ki bar shi kusa da murhu ko a gaban mota cikin rana, zafi yana tsattsaga shafin da ke jikinsa.

Inna ce ta fi tsaya min a rai. Mai shekara 74 da ta ce ganinta ya ragu, ba shagon tabarau za a fara kai ta ba, asibitin ido za a kai ta a duba cikin idon da ƙarfin ruwansa. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 a kan masu shekara 40 zuwa sama ya nuna yanar ido ce kan gaba wajen makantar da mutane, hawan jinin ido, ciwon da ake awon ƙarfin ruwan ido dominsa, na biye da ita. Yanar ido ana cire ta gani ya dawo. Hawan jinin ido kuwa shiru yake cin gani daga gefe, abin da ya ci kuma ba ya dawowa, sai dai a tsayar da shi. Daga Zariya, Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa da ke Kaduna ba nisa, ga kuma sashen ido na asibitin koyarwa a Shika. In tana da ciwon suga, a daidaita sugan tukuna kafin a rubuta mata lamba, domin hawa da saukarsa yana canza lambar ido daga mako zuwa mako. Ke ma ki tabbatar gwajin da aka yi miki ya haɗa da awon ƙarfin ruwan ido, ba karanta haruffa a bango kaɗai ba.

Dalilin da ya sa na hana marar layi a gare ta shi ne faɗuwa. A 2002, masu bincike a birnin Sydney na Ostireliya sun bi tsofaffi 156 masu shekara 63 zuwa 90 har shekara guda, suka ga masu sa tabarau mai haɗa nesa da kusa, mai layi ne ko marar layi, sun fi sauran yiwuwar faɗuwa fiye da ninki biyu, musamman tuntuɓe a waje da kan matakala. Dalilin shi ne wanda na faɗa miki, ƙasan gilashin yana dusar da abin da ke gaban ƙafa. A 2010 suka fitar da sakamakon wani gwajin a kan mutum 606: an ba wasunsu tabarau na nesa zalla don tafiya a waje. Waɗanda suka saba fita sosai, faɗuwarsu ta ragu da kusan kashi 40 cikin 100. Waɗanda ba su cika fita ba kuwa, faɗuwarsu a waje ƙaruwa ta yi, domin canjin abin da suka saba shi ma haɗari ne. Ke kika san Inna. In mai zuwa islamiyya ce da barka da gaisuwa, tana tsallaka kwata tana hawa Keke Napep, a yi mata na nesa zalla na fita, mai layinta ya zama na zama da carbi da karatu. In daga ɗaki sai tsakar gida ce, a bar mata irin wanda ta sani, layin a daidai inda ya saba zama, kada kuma a yi mata babban tsalle a lamba lokaci ɗaya. Aƙalla a mai layi ta san inda hazon ya fara, ƙafarta ta yi shekara ashirin tana lissafi da shi. Karayar ƙugu a shekarunta ba ƙaramin abu ba ne, na ga yadda take kwantar da tsohuwa mai ƙarfi.

Yaya kuma, kin ce daga waje aka kawo mata, wato da wuya a ce an taɓa ɗiga alama a kan idonta tana sanye da firam ɗin, kuma kwana uku bai isa a yanke hukunci ba. Ki ce ta ciro shi daga durowa ranar da za ki je awonki, ku tafi tare. A nemo alamomin nan biyu a jikinsa, a mayar da giciyen, a ga inda ya faɗa a fuskarta. Wani lokaci lanƙwasa ƙafafun hanci kawai yake gyara shi. In kuma kaucewar ta yi yawa, firam ɗin dai nata ne, sai a yanka mata sabon gilashi a kansa, kuma tunda ta girme ki mai yiwuwa lambar ƙarinta ta fi taki, kada ta ji komai in mai gwajin ya ce mai layi ne zai fi mata. Zamanki a gefe kina kallon yadda ya bi da nata zai nuna miki ko shi ne mutumin da za ki ba wa kuɗinki.